Da Wane Mudu Ake Auna Malami?

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala ta samo asali ne daga wata gardama da muka yi da abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai, wanda shi karatun likita yake yi. Wata rana da daddare, an ɗauke wuta, kowa ya rufe littafinsa, sai hira ta kai mu ga zancen manyan malamai. Ya ce da ni, a fannin cututtukan da ke ɓata wa mutum motsin jiki, ba a yi malami kamar wani Baturen Ingila da ake kira David Marsden ba. Na ce, "Da me ya fi saura?" Ya ce, "Haba Malam, mutumin da ya buga maƙala fiye da 800 a mujallun ilmi? Kai ko ƙirgawa aka ce ka yi ai sai ka gaji." Na ce, "To da 80 ya buga fa, ilmin nasa ya zama kashi ɗaya cikin goma ke nan?" Sai ya yi dariya, ya ce ai wannan tambaya ce irin tamu ta 'yan Sashen Hausa, da ba mu da aiki sai jan magana.

Shi dai ya juya ya yi barcinsa. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai, domin ina da dalilin da ya sa ba zan ɗauke ta abin wasa ba. Na yi makonni ina neman labarin mutanen da suka yi aiki a wannan fanni, abokin nawa kuma yana warware mini abin da ya shige mini duhu. Ni ba likita ba ne, saboda haka ba maganar magani na zo yi ba. Tambayar da na ɗauko ita ce: idan mutum ya ƙarar da rayuwarsa wajen bincike da rubutu, da wane mudu ya kamata a auna abin da ya bari?

Hannun Kawu

Ina da kawu, wan mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da talatin yana aikin babbar riga da hannu. Tun ina yaro nakan zauna kusa da shi a zaure in kalli yadda allura ke shiga tana fita, har aska takwas ta fito a ƙirjin riga kamar da alƙalami aka zana ta. Shekarun baya sai hannunsa na dama ya fara karkarwa. Abin mamaki, in yana aiki sai ta lafa, in kuwa ya ajiye hannun a cinya sai babban yatsa da manuni su kama motsi kamar mai jan carbi. Sannu a hankali takunsa ya gajarce, ya koma jan ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daina nuna fara'a ko da kuwa yana cikin farin ciki. Daga baya zura zare a allura ma ya gagare shi, ya naɗe kayan aiki ya ajiye.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce tsufa ne, alhali kuwa bai cika sittin ba. Wasu suka ce iska ce, wasu kuma suka rantse wani abokin sana'a ne ya yi masa sammu, har zumuncin shekaru ya lalace a kan haka. Sai da aka shekara uku ana fama sa'an nan aka kai shi wani babban asibiti. Likita ya sa shi ya yi tafiya daga bango zuwa bango, ya lanƙwasa masa wuyan hannu, ya sa shi ya riƙa haɗa yatsu yana buɗewa. Ya ce wannan ita ce cutar Parkinson, ya rubuta masa wata ƙwaya mai suna lebodofa. Bayan 'yan makonni na je gaishe shi, muna zaune a zaure sai ya ce, "Kai ɗan nan, miƙo mini gwangwanin allurar can." Na miƙa masa. Ya gwada sau biyu, a na uku zare ya shiga.

Kawu bai san sunan ko da mutum ɗaya daga cikin waɗanda aikinsu ya dawo masa da hannunsa ba. Ni ma a lokacin ban sani ba. Amma tun daga ran nan, duk sa'ad da na ji an ce wane babban malami ne a wannan fanni, zaren nan nakan tuna.

Mudu na Farko: Yawan Rubutu

Bari mu fara da gwanin abokina. An haifi David Marsden a shekarar 1938, ya yi karatun likita a asibitin St Thomas da ke Landan. A 1972, yana ɗan shekara 34, aka ba shi kujerar farfesa ta ilmin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin King's College, a 1987 kuma ya koma Queen Square, watau cibiyar da ta fi kowace shahara a wannan fanni a Ingila. Shi da wani likitan Amurka, Stanley Fahn, su ne jigogin kafa ƙungiyar masana cututtukan motsin jiki a 1985, da mujallarta wadda ta fara fitowa a 1986. A wancan lokaci mujallar nan har da kaset na bidiyo akan haɗa ta, don mai karatu ya ga motsin majinyaci da idonsa, tun da akwai abin da alƙalami ba ya iya kwatantawa. Marsden ya rasu a Amurka a 1998 yana da shekara 60. In aka raba maƙalunsa a kan shekarun aikinsa, za a ga kusan biyu ke nan a kowane wata, har na tsawon shekara talatin da wani abu.

Ba shakka wannan abin jinjinawa ne, kuma duniyar ilmi ta zamani ta ɗauki ƙirga da muhimmanci ƙwarai. A 1964 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya fara fitar da kundin da ke lissafa sau nawa aka ambaci kowace maƙala a cikin rubuce-rubucen sauran masana. A 2005 kuma Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya kawo wani ma'auni: idan malami yana da maƙala 40 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 40, to lambarsa 40 ce. Da irin waɗannan alƙaluma ake duba mutum a jami'o'i da yawa in an zo ƙarin girma ko rabon kuɗin bincike. Kada kuma a raina su, domin alƙalami bai san ɗan wane ne kai ba, ya kuma fi sanayya da son kai adalci nesa ba kusa ba.

To amma ga wani mutum, James Parkinson, wanda cutar Kawu ke ɗauke da sunansa. An haife shi a 1755 a unguwar Hoxton ta Landan, kuma likitan unguwa ne, bai taɓa zama farfesa ba. Ya yi rubutu a kan siyasa, da kiwon lafiyar iyali, har da littafi mai juzu'i uku a kan ragowar halittun da suka shuɗe waɗanda ake tonowa a cikin duwatsu. A kan wannan ciwo kuwa abu ɗaya tak ya rubuta, wani ɗan littafi mai shafi 66 da ya fito a 1817. Mutum shida ya bayyana a ciki, uku daga cikinsu ma ba majinyatansa ba ne: biyu a kan titi ya gamu da su ya yi musu tambayoyi, ɗaya kuwa daga nesa ya hango shi. Duk da haka ya lura da yadda ciwon ke shiga a hankali har mai shi ya kasa tuna ranar da ya fara, da karkarwar da ke zuwa lokacin da gaɓa take hutawa, da sunkuyawar jiki gaba, da yadda tafiya ke rikiɗewa ta koma sassarfa ba da son mai ita ba. Da abokina ya karanta mini wannan bayani, Kawu na gani a gabana. In da ma'aunin Hirsch za a auna Parkinson a wannan fanni, lambarsa 1 ce.

Ga kuma misali ta ɗaya gefen. A watan Satumba na 2024 mujallar Science ta buga rahoto a kan wani babban masani a Amurka, wanda shi ma yana da maƙala wajen 800, da yawansu a kan cutar Parkinson da cutar mantuwa ta Alzheimer. Masu bin diddigi sun nuna shakku a kan hotunan gwaji da ke cikin 132 daga maƙalunsa. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, wadda ya riƙe babban muƙami a ƙarƙashinta, ta sanar da cewa ta tabbatar a maƙala biyu an ɗauki hoton wani gwaji an sauya masa suna, an nuna shi a matsayin sakamakon wani gwajin dabam. Ba sai na kama sunansa ba, domin ba shi ne abin zance ba. Abin lura dai shi ne, 800 can, 800 nan. Mudu bai san tsaba da tsakuwa ba, duk wadda aka zuba masa cika yake yi.

Ashe ke nan in Marsden babba ne, sai an buɗe maƙalun an ga abin da ke ciki kafin a san dalili. Ga misali ɗaya. Akwai wani ciwo da ke kama marubuta, da zarar mutum ya riƙe alƙalami sai yatsunsa su ɗaure, hannu ya murɗe, amma in wani aiki ne hannun lafiya lau. Shekaru da dama likitoci da yawa sun ɗauka damuwa ce ko matsalar tunani, akan tura masu shi wajen likitan taɓin hankali. Haka aka ɗauki masu wuyan da ke karkacewa da masu idanun da ke rufewa da kansu. Tun daga 1976 Marsden ya riƙa kafa hujja cewa duk waɗannan dangin juna ne, rassa ne na ciwon murɗewar tsoka da ake kira distoniya, kuma tushensu yana sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. A 1982 shi da abokin aikinsa Sheehy suka buga bincike a mujallar Brain a kan mutum 29 masu irin wannan ɗaurewar hannu, suka nuna ba su fi sauran jama'a taɓin hankali ba. Duk wanda ya ga ɓarnar da zargin sammu ya yi a gidanmu ya san nauyin a ce da majinyaci, ciwonka na gaske ne, ga kuma inda yake.

Mudu na Biyu: Suna

Wani zai ce, to a bar ƙirga, a dubi sunan da mutum ya yi da lambobin girman da aka ba shi, tun da masana 'yan'uwansa ne ke bayarwa, su kuwa sun san ciki. Wannan ma da gaskiyarsa, amma suna yana da halin ɓatan kai. Parkinson ya rasu a 1824 bai taɓa jin an kira wata cuta da sunansa ba, a zamaninsa ma da littafin duwatsu aka fi saninsa. Sai bayan fiye da shekara hamsin da fitowar ɗan littafin nan Jean-Martin Charcot, babban likitan asibitin Salpêtrière da ke Faris, ya ce a riƙa kiran ciwon da sunansa. Yanzu ranar haihuwarsa, 11 ga Afrilu, ita ce ranar cutar Parkinson ta duniya, amma ko hotonsa guda ba a da shi.

Labarin ƙwayar da Kawu ke sha ya fi wannan ban tausayi. A 1957, a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson ya bai wa zomaye wani magani mai suna resafin, suka kwanta laƙwas ba motsi. Da ya yi musu allurar dofa, nan da ɗan lokaci suka tashi kamar ba abin da ya same su. Daga nan ya nuna cewa wani sinadari da ake kira dofamin, wanda jiki ke ƙerawa daga dofa, manzo ne da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya kuma wani matashi, Oleh Hornykiewicz, ya ce bari a duba a jikin ɗan'adam. Shi da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalwar mamata, shida daga ciki masu wannan ciwo, suka tarar dofamin ya ragu ƙwarai a sashen da ke sarrafa motsi. Suka buga wannan da Jamusanci a 1960. A 1961 shi da likita Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar lebodofa, waɗanda ba sa iya tashi suka miƙe suka yi tafiya, amma na 'yan sa'o'i kawai. Sai a 1967 George Cotzias, mutumin Girka da ke aiki a Amurka, ya nuna cewa in aka ba da maganin ta baki, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan har jiki ya saba, sauƙin yakan ɗore.

A shekarar 2000 aka ba Carlsson kyautar Nobel tare da Paul Greengard da Eric Kandel. Babu sunan Hornykiewicz. Masana fiye da 200 suka sa hannu a wasiƙar nuna rashin jin daɗinsu, amma ƙa'idar kyautar ba ta yarda a wuce mutum uku ba. Ya rasu a 2020 ba a ba shi ba. Ba na cewa Carlsson bai cancanta ba, ya cancanta. Sai dai suna kamar hula yake, kai ɗaya yake zama, aikin kuwa hannuwa da yawa ne suka yi shi. Akwai ma waɗanda ba a zancensu ko kaɗan: mutum shidan nan na Landan, da mamatan Biyana da aka buɗe kawunansu, da majinyatan da suka miƙa hannu aka yi musu allurar da ba wanda ya san ƙarshenta. Ba don su ba da ba a rubuta ko layi ɗaya ba.

Mudu na Uku: Amfani

Da na zo nan sai na ce shi ke nan na gano bakin zaren. A auna malami da amfanin da ilminsa ya yi wa jama'a, watau a auna shi da hannun Kawu. Na yi kwanaki ina murna da wannan amsa, har na faɗa wa abokina. Sai ya ce, "To Malam, mutum shidan nan na Parkinson, me suka samu?" Na yi shiru, domin ba su sami kome ba. Maganin da Parkinson ya ba da shawara a gwada shi ne a zubar da jini daga ƙeya, a kuma manna abin da zai tayar da bororo a wurin. Daga 1817 zuwa 1967 shekara 150 ke nan cif. Da a ce an kafa kwamiti a 1830 don ya auna amfanin littafinsa, da sifiri zai ba shi, kuma da ba a ce kwamitin ya yi zalunci ba. Haka nan wanda ya leƙa ɗakin Carlsson a 1957 ba abin da zai gani sai babban mutum yana wasa da zomaye.

Har ila yau, isar amfani ga mai bukata ba a hannun malami kaɗai take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da wannan cuta, kuma yawansu ya ninka a cikin shekara 25. Lebodofa tana cikin jerin magungunan da hukumar ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Amma mu da muke sayen ta mun san sau nawa muke zagaya kantunan magani mu dawo hannu rabbana, mun kuma san watan da kuɗi ya gaza, Kawu ya koma jan ƙafa. Shin a watan nan darajar Cotzias ta ragu ke nan, in an samo kuɗi kuma ta dawo? Ai hankali ba zai karɓi wannan ba. Manomi ya shuka iri mai kyau, in hanyar kai hatsi kasuwa ta yanke, laifin na wasu ne dabam, kuma ya kamata a neme su a tambaye su.

Saboda haka amfani shi ne abin da ake nema, amma yakan zo a makare, sau da yawa bayan mai shuka ya kwanta dama. Mudun da ba ya cika sai bayan shekara 150 ba zai yi wa mai rai hukunci ba.

Mudu na Huɗu: Amana

Mu sake duba labarin ƙwayar nan. Hornykiewicz bai ga zomayen Carlsson ba, karantawa ya yi ya yarda, ya ɗora aikinsa a kai. Cotzias bai buɗe kawunan mamatan Biyana ba, shi ma karantawa ya yi. Likitan da ya duba Kawu bai ga ko ɗayansu ba, malamansa ne suka gaya masa, su ma nasu malaman suka gaya musu. Kawu kuwa buɗe baki ya yi ya haɗiye. Wannan silsila ce irin wadda muka sani a karatun zaure, inda akan tambayi mutum wajen wa ya ɗauki karatu, shi kuma wajen wa ya ɗauka. Da mutum ɗaya a cikin silsilar nan ya rubuta abin da bai gani ba, da duk waɗanda suka biyo bayansa sun yi gini a kan rami, wanda zai faɗa ciki kuwa shi ne na ƙarshe, mai haɗiya.

A nan ne Parkinson ya burge ni fiye da ko'ina. Ya yi kurakurai. Ya zaci tushen ciwon a saman laka yake, ya kuma ce ba ya taɓa hankali, alhali daga baya an gane da yawa daga masu shi sukan yi fama da mantuwa da baƙin ciki in ciwon ya daɗe. Amma tun a gabatarwar littafin ya faɗa a fili cewa a wurare da dama zato ne yake yi, bai tabbatar ta hanyar binciken gawa ba, kuma burinsa shi ne ya ja hankalin masu wannan aiki su duba. Ya ware abin da ya gani gefe guda, abin da ya zata gefe guda. Shi ya sa na baya suka iya zubar da zaton suka riƙe ganin. Marsden ma haka. A 1976, lokacin da ake ta murna da lebodofa, shi da David Parkes suka rubuta a mujallar Lancet cewa majinyatan da suka daɗe suna shan ta sukan shiga wani hali, yanzu suna tafiya lafiya, an jima kaɗan su ƙame, kamar fitilar da ake kunnawa ana kashewa. Labari ne mara daɗi, amma saboda an rubuta shi ne likitan Kawu ya gargaɗe mu tun kafin ranar ta zo, bai bar mu mu koma zargin sammu ba.

To, ga inda na tsaya. Yawan rubutu yana hannun malami, amma ana iya kumbura shi. Suna yana hannun mutane, amfani kuma yana hannun lokaci da wasu hannuwa masu yawa. Abin da malami ya mallaka shi kaɗai, wanda kuma za a iya tambayarsa a kai tun yana raye, shi ne ya duba da kyau, ya faɗi abin da ya gani yadda ya gan shi, ya kuma nuna inda ganinsa ya ƙare. Wannan nake kira amana. In tana nan, maƙala 800 alheri ne sau 800. In babu ita, kowace maƙala da aka ƙara wani rami ne aka ƙara haƙa wa na baya.

Na san za a yi mini suka ta fuska biyu. Ta farko, za a ce akwai mai gaskiya wanda bai gano kome ba, shin shi ma babban malami ne? A'a. Amana ba ta wadatar ita kaɗai, sai da basira da naci, kuma Marsden ya fi dubban masu gaskiya waɗannan biyun. Abin da nake cewa shi ne ita ce ƙasan mudu, in ta ɓule duk abin da aka zuba zubewa zai yi. Ta biyu ita ce ta abokina, wanda ya ce kwamitin ƙarin girma ba ya ganin zuciya, dole ya ƙirga. Na yarda a ƙirga, amma a ɗauki ƙirgar a matsayin mai nuna hanya, sa'an nan a zauna a karanta. A ce da malami ya kawo uku ko biyar daga cikin ayyukansa da ya fi amincewa da su, a ga me suka canza, a ga ko wasu sun maimaita gwajin sun sami abin da ya samu. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2012 wasu masana da editocin mujallu sun haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwa cewa a daina auna mutum da girman mujallar da ya yi bugu a ciki, a dubi aikin kansa. A dubi ɗalibansa ma. Waɗanda suka koyi aiki a hannun Marsden, irin su Anthony Lang a Kanada da José Obeso a Sifen, sun koma sun kafa nasu zaurukan, kuma babu ma'aunin Hirsch da ke ƙirga wannan.

Kammalawa

Kada mai karatu ya zaci wannan magana ta Turawa ce kurum. A 2023 mujallar Lancet Neurology ta buga wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa, inda aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar Parkinson ga mutanen da asalinsu Afirka ne. Majinyatan Nijeriya ne da yawa suka ba da jininsu aka yi wannan aiki. Ashe silsilar ta iso gida, kuma amanar da ake nema a Landan ita ake nema a nan.

Mu ma 'yan Sashen Hausa ba mu tsira ba. Kundin digirina a kan kalmomin sana'ar ɗinkin hannu nake rubuta shi, kuma na tsara zan yi hira da maɗinka goma. Shida na samu, sauran sun rasu ko sun bar sana'ar. Ba zan ɓoye ba, zuciya ta raya mini in ƙirƙiro huɗu in cike gurbi, tun da na san irin abin da za su ce, kuma ba mai zuwa ƙauye ya bincika. Ba wanda zai mutu saboda ƙaryar kalmar ɗinki. Amma wata rana wani zai zo haɗa ƙamus, ya ɗauki kundina ya yarda da ni, kamar yadda Cotzias ya yarda da mutumin Biyana. Na tuna likitan Hoxton shida ya gani, shida kuma ya ce ya gani. Na rubuta shida.

Da na ba Kawu labarin gardamarmu, dariya ya yi. Ya ce shi a zamaninsa in yaro ya kawo masa riga ya ce ya gama, ba ya tambayarsa riga nawa ya ɗinka a watan, juya ta yake yi ya dubi cikinta, inda mai saye ba ya dubawa. Abokina har yanzu bai sallama ba, ya ce zai kawo nasa martani. Ina fatan shi da sauran 'yan'uwa ɗalibai masu wani ra'ayi dabam za su aiko da shi a fitowa ta gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.